Kwabon Inna Tasalla

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo a Batsari, amma ban taɓa ganin an zalunci na'ura kamar yadda Baba Daudu ya zalunci garmahonsa na jin faifai ba.

'Yarsa Nazifa ce ta kira ni daga Safana, inda tsohon yake zaune tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Ruma. Ta ce faifai ɗaya tak gare shi, sautinsa kullum ƙara dushewa yake yi, har tsohon ya daina cin abincin kirki. Baba Daudu aminin mahaifina ne, babu halin in ce a'a. Na sa aka sayo mini sabuwar allura daga Kano, ranar Laraba na rufe shago na hau babur.

Mun daɗe muna gaisawa da tsohon, ya tambayi gida da iyali da ruwan bana, sannan ya yaye zanen da ya lulluɓe na'urar da shi. A ka ya ɗauko ta ranar gudu, ya bar rumbu cike da gero. Ina ganinta na yi salati. Hannun garmahon, siririn ƙarfen nan mai ɗauke da allura, an ɗaure masa tsohon kwabo mai huda da baƙin zare a daidai kai. Kan kwabon akwai wasu kwabbai biyu, kansu kuma notin keke, an naɗe duka da roba.

"Baba, wannan kayan fa?"

"Nauyi ne," in ji shi, ko a jikinsa. "In allura ta yi tsalle sai in ƙara mata. Garma in ba ta da nauyi, shiga ƙasa take?"

"Baba, faifai ba gona ba ne!"

"Mi ya raba su? Ga layi ga layi, allura na bi."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Mutum ya yi shekara sittin yana huɗa, ka ce masa danna ƙarfe a ƙasa ɓarna ce, ai ka nemi rigima.

Nazifa ta ba ni labarin faifan. Shekarun baya wasu mutanen Kano sun zo gayya a Ruma, suka naɗi wani makaɗin gangar noma. Tsakiyar kiɗan sai makaɗin ya kama sunan Daudu, a lokacin yana ango, yana wasa shi. Amaryarsa Tasalla, mahaifiyar Nazifa, ta manta da kunya ta rangaɗa guɗa, na'ura kuwa ta kama. Yau shekara huɗu da rasuwarta, ko hotonta babu a gidan. Guɗar nan kaɗai ta rage, kuma wurin nan tsohon ke maimaitawa, ya ɗaga allura ya mayar, sau goma sau ashirin a wuni. Na karkata faifan ga haske, sai ga wurin ya yi fari fat, layin ya cinye.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce Nazifa ta samo mini sikeli ƙarami mai auna giram. Ta shiga maƙwabta wurin wata mai sayar da 'yan kunnen zinari ta aro, tare da gargaɗin cewa ko ƙwarzane ya samu kada mu sake gaishe ta.

"Yau na ga ikon Allah," in ji tsohon. "Allura za a auna kamar zinari?"

Na ajiye sikelin a mazaunin faifai, na sauke allurar a kansa a hankali. Giram talatin da ɗaya. Na nuna masa takardar da ke cikin kwalin sabuwar allura, na ce uku aka rubuta, uku kacal. Na ce duk lokacin da ya ƙara nauyi, allura na ƙara ƙwaƙule layin, layin ya lalace ta ƙara tsalle, shi kuma ya ƙara nauyi. Ya ce shi dai ya san tana daina tsalle. Na ce ko jaki aka labta wa buhu goma zai daina tsalle.

Na sa sabuwar allura. Na kwance roba, na cire notin, na cire kwabbai biyu, yana kallona yana tsaki. Ina kai hannu ga na ƙarshe sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Tsoho ne, amma damƙar manomi ce.

"Wanga ba ka taɓa shi."

"Baba, shi kaɗai ya fi ƙarfin allurar."

"Ita ta ɗaura shi, Sharhabilu. Da hannunta, da zaren kitsonta, shekarar da muka sayi na'urar. Ɗaurin nan ban taɓa kwance shi ba, ba kuwa kai za ka kwance ba."

Na roƙa, na yi bayani, na rantse. Nazifa ta durƙusa ta roƙa. Ya juya mana ƙeya. Na fita tsakar gida na sha ruwa moɗa biyu, ina faɗa da kaina. Na rufe shago, na biyo hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki, don in zo in yi gardama da tsoho a kan kwabon da ko gyaɗa ba zai saya ba. Ga shi kwabon matar ne ke cinye muryar matar, mai gidan kuma ya tsaya gadin kwabo. Har na taka babur zan tayar, sai na tuna sabuwar allura na jiki. Ina fita zai ɗora mata faifan da nauyin nan, kafin sati guɗar ta ƙare.

Na koma na sake aunawa. Giram goma sha biyu da rabi. Na auna ɗaya daga kwabban da na cire, bakwai da rabi. Ke nan ko an cire na Inna Tasalla saura biyar, har yanzu da rarar biyu. Na duba bayan hannun, inda ake sa dunƙulen ƙarfen da ke rinjayar kai ya rage wa allura nauyi, na ga rabinsa ya ɓalle. Nazifa ta ce a hanyar Ruma ya faɗi. Bayan ne ke neman nauyi.

"Baba," na ce, "ba cire shi zan yi ba. Ƙaura zai yi daga gaba zuwa baya, da zarensa. Yana nan jikin na'urar, sai dai ya koma ɗaga allura."

Ya dubi bayan hannun, ya dubi kwabon. Sannan ya ture hannuna ya sunkuya, ya kwance ɗaurin da kansa, ya ƙi yarda a yanke ko silin zare. Shi ya ɗaura shi a baya. Ni kuma na riƙa matsar da kwabon kaɗan-kaɗan ina duban sikeli: huɗu, uku da rabi, uku.

Na goge faifan, na ce Nazifa ta kunna naɗin sauti a wayarta. Na ɗora faifan na sauke allura, ganga ta tashi, allura ba ta yi tsalle ba ko sau ɗaya. Makaɗi ya kira sunan Daudu. Sai ga guɗa, siririya, tar da ita, ta yarinya mai murna. Ta hau, ta hau, sai ta nutse cikin shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Ganga ta ci gaba ita kaɗai.

Nazifa ta rufe fuska da mayafi. Ni duk fushin da na kwaso sai na neme shi na rasa, tausayi ya kama ni.

"Ta fi haka tsawo," in ji tsohon a hankali. "Da har sai makaɗi ya numfasa take saukewa."

Da faifan ya tsaya, ya sunkuya ya dubi wurin da ya yi fari.

"Ni na nome ta ke nan."

Na ce daga yau a waya zai riƙa ji, faifan a bar shi ya huta. Ban ji ya musa ba. Ina haɗa kayana sai ya tattara notin da kwabbai biyun ya danƙa mini a tafin hannu.

"Tafi da su Batsari," ya ce. "In suna ɗakin nan, hannuna ba shi da haƙuri."