In Ba Ta Buɗe Ba, Ka Dawo Da Ita

Gwaggo na tsakiyar jera igiyoyin lema a kan dogon teburinta, tana ƙirgawa a fili, sai jiniyar sansanin sojan sama ta ɗauka. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta kai igiya ta ashirin da takwas, don ko kwamanda bai isa ya ɓata mata ƙirga ba.

Shekararta goma sha ɗaya tana naɗe lemar da matuƙan jirgin yaƙi ke goyawa, wadda ke sauko da mutum da ransa in jirgi ya ƙi. Duk wanda ya zo karɓa sai ta yi masa tsohon barkwancinta: "In ba ta buɗe ba, ka dawo da ita in canza maka." Su yi dariya, ita ma ta yi, har da cika bakin cewa ba wanda ya taɓa kawo mata ƙorafi. Kaɗan ne suka san abin da ya kawo ta aikin. A farkon yaƙin nan ƙanenta, autansu, ya rasu a wajen horo, ko filin daga bai taɓa gani ba. Igiya ɗaya ce ta harɗe a lemarsa.

Saje ya leƙo yana haki. "Gwaggo, jirgin horo ne ya faɗi bayan gonaki. Na Aku ne."

Aku shi ne laftanan nan da bakinsa ba ya hutawa, wanda kullum yake cewa zai aure ta in yaƙi ya ƙare. Shekaranjiya ta naɗe lemarsa da hannunta.

"An ga lema?"

"Hayaƙi dai aka gani."

Ta zauna, tana bin naɗin shekaranjiya a ranta, ninki bayan ninki. Ko ta yi sauri? Ai ranar ce haƙori ya hana ta sakat. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta ɗauka ta gama da shi tuntuni.

Bayan awa biyu sai ta jiyo hayaniya a baranda, wata nas na cewa, "Yallaɓai, asibiti aka ce!" Ƙofa ta buɗe. Ga Aku a keken marasa lafiya, ƙafa a ɗaure, ya rungumo lema duk taɓo.

"Amarya, na dawo da kayanki."

"Ta buɗe?"

"Da ba ta buɗe ba, da wa kike magana? Sai dai a garken awaki ta ajiye ni. Mai garken ya bi ni da sanda, wai ɓarawo ya faɗo daga sama."

"Wannan kuma laifin direba ne," in ji Gwaggo. "Kuma ba a canza wadda ta buɗe. Tafi a duba ka, marar kunya."

Nas ta tura shi waje, yana ta ba Saje labarin bunsurun da ya tare shi.

Gwaggo ta shimfiɗa lemar a tebur, warin awaki ya cika ɗakin. Murna ta cika ta. Ta fara ƙirga igiyoyin, ta kai tara, ta ɓata. Ta koma farko, ta sake ɓatawa.