Man Zaitun da Hamdiya Ta Kawo Tsaraba

Hamdiya ɗiyar yayar matata Biba ce. Tun da ta zo Lyon karatu a wurinmu take zaune, a Rillieux-la-Pape, cikin ɗakin da Biba ke ajiye atamfofin da take sayarwa a unguwar Guillotière. Na daɗe kafin in gane abin da take karantawa. Wata ƙasa ce, Kurowasiya, a bakin teku daura da Italiya. Mutanenta na shekaru ɗaruruwa da suka wuce sun riƙi tsoffin Rumawa tamkar kakanninsu: suna rubutu da Latin, suna gini irin nasu, in sun tono dutse mai rubutu a gona sai su liƙa shi a bangon gida don baƙo ya gani. Ni da sai da furfura ta fito mini na shiga lakwal, makarantar manya, ba na gardama da ita. Ina dai zama a kicin ina saurare, tana bayani tana wanke kwanoni.

Ta kusa gama digirinta na biyu, tana son ta zarce doktora. Ubanta a Damagaram ya ce shi bai san wannan karatu ba, sai wansa Alhaji Moutari, ɗan kasuwa a Paris, ya je ya gani da idonsa. In Alhaji ya ce ta zarce, ta zarce. In ya ce a'a, ta koma gida.

Abin da muke tsoro gumaka ne. Hotunan da ta ɗauko a can cike suke da mutanen dutse tsirara.

“Duk wanda ba shi da wando ki fidda shi,” in ji Biba.

“Tanti, ai rabin aikina ke nan.”

“To ki nuna masa rabin da ke da sutura.”

Haka ta yi. Ta bar majami'u daga nesa, da ginshiƙai, da ƙofofi. Ta kuma fito da tsarabar da ta adana wa Alhaji, kwalbar man zaitun da wani tsoho ya ba ta a wani tsibiri. Biba ta ce babu abin da ya dace da shi kamar dambu.

Alhaji ya iso da azahar, ranar Lahadi. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka tambayi Damagaram gida gida. Biba ta kawo dambu da zogale, ta tsiyaya man ɗanye a kai har yana ƙyalli. Alhaji ya ci, ya ƙara, ya ce zaitun itace ne mai albarka, ya shafa sauran maiƙon a gemunsa. Ni ma na ci sosai.

Hamdiya ta buɗe na'urarta a kan teburi. Tana magana a natse, Alhaji yana gyaɗa kai. Da aka zo kan ginshiƙai har ya ce, “Waɗannan sun san gini.” Biba ta dube ni ta yi murmushi.

Sai wani hoto ya fito: ɗaki mai duhu, doguwar ƙwarya ta dutse mai zanen furanni, da murfin katako, tsoho a tsaye kusa da ita riƙe da ludayi.

“Wannan kwamin shayar da dabbobi ne?” in ji Alhaji.

“A'a Baffa, akwatin gawa ne na Rumawa. Nan ne aikina ya fi daɗi. Attajirin da ya gina gidan ya sa aka kawo shi don ado, ya sassaƙa sunansa a gefe. Jikokinsa kuma suka ga dutse yana riƙe sanyi, sai suka maishe shi mazubin mai.”

“Wane mai?”

Ta dubi kwalbar da ke tsakiyar teburi.

Ban taɓa jin maiƙo a harshena kamar lokacin ba. Ya kwanta mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa. Biba ta tashi da sauri ta shige banɗaki, muna jin ta.

“Baffa, an kwashe ƙasusuwan tun kafin a haifi kakan kakanmu. An wanke shi. Dutse ne.”

“Ban ce haram ba ne,” in ji Alhaji a hankali, yana riƙe da hannunsa nesa da rigarsa. Ya juyo wurina. “Malam Illo, ba ni sabulu.”

Ya wanke gemunsa, ya sake wankewa, ya nemi turare. Bai sha shayin ba. Na raka shi tasha, bai ce mini komai ba sai “Allah ya ba mu alheri.”

Da mako ya zagayo ba mu ji daga gare shi ba, Biba ta tura ni Paris in ba shi haƙuri. Na same shi a kantinsa, tsakanin buhunan gero da busasshen kifi. Na ce yarinya ce mai hankali, ba ta wasa da salla, kuskure ne.

“Illo, gumakan da kuka ɓoye mini, na san da su. Wa ya zauna a ƙasar nan bai ga gunki ba? Da ta nuna mini su tana sunkuyar da kai, da na ce ta zarce. Amma mutum ya ruɓe a cikin abu, ta tsaya tana kallo ana ɗebo mata da ludayi, ta ɗauko ta kawo wa wan ubanta, ranta bai tashi ba. Kai naka bai tashi ba?”

Na ce ya tashi. Har ranar ban iya cin abu mai maiƙo ba.

“To ka gani. Ita nata ya daina tashi. In ta ƙara shekaru a can, ban san me za ta kawo mana ba.”

A gabana ya kira Damagaram. Ya ce ta gama wanda ta fara, da damina ta koma gida.

Da na dawo Rillieux na faɗa mata a kicin. Ta ci gaba da wanke kwanon da ke hannunta, ta ce tsohon tsibirin shi da iyalinsa duka man akwatin nan suke ci, kuma da hannu biyu ya miƙa mata. Na saurare ta har ta gama.

Kwalbar tana nan a baranda inda Biba ta fitar da ita, saura rabi. Babu wanda ya yarda ya taɓa. Na sa hannuna cikin leda, na ɗauke ta, na sauka da ita wurin shara.