Farantin da Ba a Naɗe Ba

"Mma! Wa ya yage mini littafi?"

Barkisu ce tsaye a tsakar gida, bango kawai ya rage a hannunta. Uwarta Mamunatu ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta naɗe farantan tangaran tana jerawa a akwati. Wa'adin da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda ya kusa cika, ga azumi a baki. Ranar Alhamis lori zai kwashe su zuwa Nijar, ƙasar da Barkisu ba ta taɓa takawa ba. Jarrabawarta kuwa ta shiga karatun likita, ranar Asabar ce.

"Ni na yaga," in ji Mamunatu. "Na duba, babu sunan Allah a ciki. Boko ne."

"Wata uku ina zana shi, Mma! Yadda ƙwayar jiki ke miƙa lantarki daga wannan zuwa wancan, har iskar da muke shaƙa ta karɓe. In na ɓata jerin, na faɗi!"

"To likita, a bayan lori za ki rubuta? Ubanki shekara talatin yana feƙe katako a unguwar Anloga, yau an ce masa baƙo. Ke kina mini ihu a kan takarda!"

"A Zongon nan kika haife ni! Ina za ni?"

Kai, yarinyar nan da zuciya take. Ta durƙusa ta shiga warware farantan, tana fizgo takardun duk sun cukurkuɗe, babu lamba, babu tsari. Tana huci tana shimfiɗa su a tabarma.

"Wannan ne farko. Wannan ya miƙa wa wannan. Sitokurom bi, sannan si, sannan e..."

Hannunta na ta jerawa, ko sau ɗaya ba ta tsaya tunani ba. Mamunatu dai ko harafi ba ta sani ba, sai ta bar kallon takardun ta koma kallon hannun.

Ta jawo tsohon zanenta, ta kama da haƙori ta kece, ta ci gaba da naɗi da tsumma. Da ta zo kan farantin ƙarshe, mai shuɗin baki, sai ta ture shi gefe da ƙafa.

"Kin manta ɗaya," in ji Barkisu, murya har yanzu da zafi.

"Ban manta ba. Gwaggonki Azaratu ta unguwar Krofrom mijinta ɗan ƙasa ne, babu mai taɓa gidansu, can za ki zauna. Amma na san halinta, ba ta son a ci mata a faranti."

Ta rufe akwatin, ta zauna a kai.