Mamman Biyu, Takarda Ɗaya

"Sake karantawa, Mushe," in ji Rakiya.

Lawan, mai rubutu a ofishin komandan, wanda ake ce wa Mushe kamar duk ma'aikacin Faransa, ya share gumi. Yana tsaye a zauren Inno, gefensa gardi, dogarin komandan, riƙe da jakar soja. Takardar daga Andoshin ta zo, inda Faransa ke yaƙi, ta ce wani soja ɗan Damagaram ya rasu.

"Mamane Dairou. Haka suka rubuta."

"To, na wa ke nan?" Inno ta tambaya.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Inno da na Rakiya a unguwar Birni ta Damagaram, kuma dukansu mazansu sun rasu. Rana ɗaya aka ɗauki 'ya'yansu soja: Mamman ɗan Tahiru na Inno, da Mamman ɗan Ɗahiru na Rakiya.

"Inna, na buɗe littafi uku," in ji Mushe. "A na ƙidaya, naki Mamane Tairou ne, nata Mahaman Dahirou. A na ɗaukar soja duka biyun Tahirou aka sa musu. A na likita, wani ya goge ya sake. Kowane Bature da yadda kunnensa ya ji. Lambar soja kuwa ba mu ake bar wa ba." Ya ƙara duba ƙasan takardar. "Sai dai an ce a garin Zermu aka haife shi."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin da uku da suka wuce, tana bin mijinta fatauci, naƙuda ta kama ta a Zermu, a ɗakin wata tsohuwa da ba ta ko san sunanta ba. Bayan suna suka dawo Birni. Mijin ya mutu, tsofaffin unguwa sun ƙare, ba wanda ya riƙe maganar sai ita da yaron.

Ta ji bakinta yana cewa, "Wayyo Yaya. Ai ke ce 'yar Zermu."

"Ni ce 'yar Zermu, amma a ɗakin can na haife shi!" Inno ta nuna da hannu. "Mushe, ga ɗakin nan!"

"Wataƙila garin uwa ya faɗa musu," in ji Mushe, a gajiye. Ya sa Inno ta dangwala yatsa, gardi ya ajiye jakar a gabanta. Bargo ne a ciki da kwanon ƙarfe, irin na kowane soja.

Aka yi zaman makoki a gidan Inno. Rakiya ce ta dama gumba, ita ta raba wa mata. Duk wadda ta ce mata, "Allah ya dawo miki da naki lafiya," sai ta amsa da amin, da ƙarfi.

Inno ta daina yin daddawar da take sayarwa. Tukwanen suka bushe a bakin murhu, kaji suka riƙa kwana a ciki. Kullum da hantsi Rakiya takan shigo da kunun tsamiya, ta tarar da na jiya da ƙudaje a kai. Kafin sadakar arba'in, munduwar Inno ta fara zamewa har gwiwar hannu.

Wata Laraba da la'asar, Inno na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta kama zanen Rakiya.

"Kullum ina kai hancina kan bargon nan. Ba warinsa ba ne." Ta huta. "Rakiya, don Allah, ke a ina kika haifi naki?"

Rakiya ta gyara mata matashi. Ta kore ƙuda daga leɓenta.

"A Birni mana, Yaya. Sha kunun."

Inno ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta juya fuska wajen bango. Ranar Juma'a da safe ta cika. Rakiya ce ta zuba ruwa lokacin wanka.

Bayan wata biyu, da azahar, Rakiya na tsince gero a ƙofar ɗaki, aka yi sallama. Soja ne dogo, ya rame, da takalma a rataye a wuya. Ta miƙe har faifan ya kife, sannan ta gane fuskar. Mamman na Inno ne.

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna Rakiya, ya haƙuri? Na san takarda ta riga ni. Ina kusa da Mamman naki aka harbe shi, bai sha wuya ba, ni na sa shi a rami." Ya ɗaga kai. "Na ga gidanmu a ƙulle. Inno ta tafi Zermu ne?"

Rakiya ta dubi faifan da ya kife. Ta koma ta zauna a ƙasa, ta shiga tattara geron da tafin hannu, har da yashin, tana mayarwa cikin faifai.