Teburin Kifin Baba Mode

"To in ka kwanta asibiti kwana biyu, mi za ya hwaru?" in ji Habibullahi tela, ganin tari ya duƙar da Baba Mode har kifi ya suɓuce masa.

Habibullahi mutum ne mai shegen tambaya, ko akuya ta gifta sai ya so jin gidan da za ta. Shekara goma sha biyu yana ɗinki daura da teburin tsohon, mai sayar da busasshen kifin Goronyo a bakin titin Wurno.

Bara ne wani jami'in kasuwa, Yazid, ya tashi masu tebura. Baba Mode ya kai ƙara, alƙali ya ce a bar shi wurinsa har a gama shari'a. Yazid ya yi kunnen uwar shegu, ya sake kife teburin. Lauyan tsohon ya shigar da ƙarar raina kotu, aka sa rana.

"Yazid na neman ya ce ni nib bar wurin da kaina," in ji tsohon. "In anka wayi gari ba ni nan, ya samu shaida."

"Baba, na tambayi lauya. Ya ce takardar alƙali ta isa."

"Takarda na zama bisa benci?"

Haka tsohon ya yi ta zama a wurin. Ranar wata Talata, saura kwana tara a shiga kotu, aka kai shi gida a kafaɗa. Kafin la'asar ya cika.

Mutuwar ta girgiza Habibullahi ƙwarai, amma ba ta hana shi tambaya ba. A wurin zaman makoki ya ja lauya gefe.

"Mamaci na iya cin shari'a?"

"Kotu aka raina, malam. Ita kuwa tana nan da ranta."

Daga bayan labule Inna Kulu, matar mamacin, ta yi magana a hankali.

"Habibu, takaba ta kama ni, wata huɗu da kwana goma ba ni hita. Wurin nan kuwa shi ka ciyar da ni."

Washegari bai buɗe shago ba. Ya kinkimo teburin, ya jera kifi, ya tsaya a kai. Wata mata ta nuna tarwaɗa.

"Nawa kashi?"

Wannan kam bai taɓa tambaya ba. Riƙe da kifin, ya juya yana duban bencin da babu kowa a kai.