Hannuwan Azariya

Azariya ya shekara goma sha huɗu yana gyaran layin dogo a Kafanchan kafin takalmin aiki ya fara matse shi. Cikin shekara uku ya canja lamba sau biyu. Zoben aurensa ya nutse cikin yatsa, sai da maƙeri ya yanke shi. Haɓarsa ta turo gaba, haƙora suka rarrabu, murya ta yi kauri har mawaƙan coci suka mayar da shi layin baya.

Kowa a unguwa da nasa bayani. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce tun rikicin addini na 1987 ya taka abin da bai kamata ba.  Matarsa Yemima dai ta lura ba ya ƙoshi da ruwa, kuma tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, don haka ta matsa masa ya je asibiti.

A can ya haɗu da Dokta Mildred, wata likita da ta zo daga Jos tana bincike. Ta daɗe tana duban hannuwansa, sannan ta nemi tsohon hotonsa na katin aiki.

"Baba, ba jifa ba ne," in ji ta. "Wani ɗan ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke sa jiki ya ci gaba da girma bayan lokacin girma ya wuce, shi ne kuma ya jawo maka ciwon suga."

Ta rubuta masa magani, sannan ta roƙi jininsa. Ta ce akwai wani dangin suga da ake kira sobitol, suna zargin yana taruwa a jinin masu wannan cuta, amma ba su tabbatar ba.

"In na bayar, zan warke?"

"Gaskiya binciken ba zai warkar da kai ba. Wataƙila ya amfani wasu nan gaba. Matsalata ita ce mutum uku kawai na samu."

 Tun da ciwon ya fara, ba wanda ya taɓa ce wa Azariya "ban sani ba", kowa da tabbacinsa yake zuwa. Ya naɗe hannun riga ya miƙa mata.

A hanyar gida ya tuna da Hammawa, wani makiyayi da yakan kawo shanu kasuwa, mai fuska irin tasa sak. Tun bayan rikicin nan, Azariya bai taka rugar Fulani ba. Ya kwana biyu yana juya maganar, ranar Asabar ya hau keke ya tafi rugar su Hammawa.

Da Hammawa ya fito, suka tsaya suna kallon juna.

"Sannu, maigida," in ji Azariya. "Abin da ke damunka yana da suna. Ni ma shi ke damuna."

Hammawa ya sa aka kawo masa nono, ya saurara har ƙarshe. Ran Litinin suka je asibiti tare.

Bayan shekara biyu likitar ta aiko da wasiƙa: sakamakon bai nuna wani abu tabbatacce ba, mutanen sun yi kaɗan. Hannuwan Azariya ba su koma yadda suke ba, amma ciwon kan da cutar ke sa masa ya ragu, sugan ma ya sauka. Duk farkon wata Hammawa yakan biyo ta gidansa su tafi karɓar magani, Yemima ta dafa musu shayin citta kafin su fita.