Idon Hagu na Gola na Biyu

Kakar wasa ta 1966 a bakin benci na yi ta, da tawul a wuya, ina buɗe wa 'yan wasa ƙofa idan sun gaji za su fito daga ƙanƙara. Sunana Orest Pawluk. Shekaruna ashirin da uku a lokacin, kuma ni ne gola na biyu a ƙungiyar hoki, wasan sanda da ƙwallo a kan ƙanƙara, ta garin Carlow, a arewacin Manitoba. A shekarar ce hukumar gasarmu ta ce dole kowace ƙungiya ta sa gola biyu cikin kaya, shi ya sa aka ɗauko ni daga gonar mahaifina. Golan gaske shi ne Emile Dufresne, mutumin Quebec, ɗan shekara talatin da huɗu, wanda ba ya yarda ya bar raga ko da zazzaɓi yake yi. Mun buga wasa arba'in, ni ban buga ko ɗaya ba, sai atisaye.

Da farko abin yana ci mini rai. Daga baya ni ne na koma roƙon Allah kada a kira ni.

Wata safiya cikin Nuwamba, muna atisaye, wani ya ɗirko ƙwallo ta taɓa sandar ɗan baya ta tashi sama. Ƙwallon hoki baƙar roba ce daskararriya, taurinta ɗaya da dutse. Ta same ni a ƙashin idon hagu. Ba ma rufe fuska a lokacin, domin Koci Halvorsen ya ce golan da ya rufe fuskarsa ba ya ganin abin da ke gindin ƙafarsa. Tsoho Stan, mai kula da raunukan 'yan wasa, ya yi mini ɗinki uku, ya ce in sa ƙanƙara a wurin. Kumburi ya saɓe cikin mako guda. Sai na fara ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana kamar ƙudaje. Bayan su wata inuwa ta ɓullo daga gefen hagu, kamar an fara jan labule. Duk safiya kafin in tashi daga gado nakan rufe idon dama in duba inda ta kai. Kullum sai na ga ta ƙara matsowa.

Matata Olena ce ta fara kama ni. Tana murza ƙullun firohi, wani abincin fulawa na mutanenmu, a kan tebur, ni kuma ina zuba shayi, ashe rabinsa a gefen kofi yake sauka.

Ta ajiye muciya ta ce, "Orest, rufe idon dama ka gaya mini yatsu nawa na ɗaga."

"Bar wasan nan, Olena."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Na rufe. Ban ga hannun ba, balle yatsun.

Ta ce gobe-gobe mu je wurin likita. Na ce likitan garin nan ɗaya ne, kuma shi ne likitan ƙungiya, kafin in kai gida Koci ya ji labari. Za a mayar da ni gona ban taɓa tsayawa a raga ko na minti ɗaya ba. Na ce ta bari kakar wasa ta ƙare, tunda dai ba sa ni za a yi ba.

"In kuma an sa ka fa?"

Daga ranar, duk lokacin da Emile ya faɗi a wasa sai in ƙura masa ido har ya miƙe. A atisaye kuma na koyi karkata kai, ina bin ƙwallo da idon dama kaɗai.

Ran Lahadi ta biyu a watan Fabrairu muna da wasa da ƙarfe biyu na rana. Mahaifina ya tuƙo tsohuwar a-kori-kurarsa awa huɗu cikin dusar ƙanƙara don ya gan ni cikin rigar ƙungiya. Bai taɓa zuwa ba. Suka zauna da Olena a layi na uku bayan bencinmu. Da na juya sai ya ɗaga mini hularsa.

Baƙin da muke karawa da su suna da wani mai suna Kinsella, wanda duk gasar an san ƙarfin bugunsa. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu a gama zango na biyu cikin uku, ana biyu da biyu, ya samu ƙwallo a fili ya ɗaga sanda har sama da kansa. Akwai mutum uku tsaye gaban Emile, bai ga tahowarta ba. Daga benci na ji ƙarar, kamar an sari ɗanyen icce. Emile ya kifa. Jini ya fara malala a kan ƙanƙara, yana tafiya a hankali wajen layin raga.

Mutum biyu suka ciccibe shi. Alƙalin wasa ya ce a tafi hutu yanzu, za a ƙara sauran lokacin a kan zango na uku.

A ɗakin sa kaya Koci ya tsaya a gabana. "Pawluk, ranarka ta zo. Ɗaure kayanka."

Na ce, "To, Koci."

Lorne, babban ɗan bayanmu, ya daki kafaɗata yana dariya. "Manomi zai shiga gona yau. Kada dai ka jiƙa mana wando, ƙanƙara ta isa haka."

Na yi ƙoƙarin murmushi. Na sunkuya in ɗaure igiyoyin matasan kariya na ƙafata, yatsuna suka ƙi kama ƙarfen. Sau uku ina gwadawa. Abin da ke kaina kawai shi ne Kinsella daga gefen hagu yake bugawa.

Stan ya leƙo ya ce Emile yana kirana. Na same shi kwance a kan tebur, likita yana ɗinke masa kumatu daga gefen hanci har kusa da kunne, ba allurar kashe zafi. Idonsa na dama ya fara rufewa don kumburi. Da likita ya juya neman zare, Emile ya yi magana ta gefen baki.

"Karɓi sandata, ta fi taka."

Na tsaya ina jiran ya miƙo.

"Tun ɗazu nake miƙa maka ita, Manomi."

Na juya kaina gaba ɗaya. Ga sandar nan a hannunsa, kanta ya kusa taɓa kunnena na hagu. Ya daɗe yana kallona da idon da ya rage masa.

"Tun kafin Kirsimeti nake ganin kana karkata kai kamar kaza. Na ɗauka sabon salo ne. Me kake gani da shi?"

Na rage murya na ce, "Haske kaɗan. Ta sama."

Ya yi wani zagi da Faransanci. Likita ya dawo ya ce ya rufe baki in yana son ɗinkin ya miƙe. Stan ya ja hannuna ya ce lokaci ya yi.

Daga ɗakin zuwa bakin fili taku ashirin ne. A cikin takun nan na shirya abin da zan faɗa wa Koci ya fi sau biyar, amma da na iso ya riga ya buɗe mini ƙofa, mai sanarwa kuma yana kiran sunana a lasifika, ya ma kira shi ba daidai ba. Na ji muryar mahaifina a cikin tafin jama'a. Na zame har raga.

Alƙali ya ba da minti biyu a gwada ni. 'Yan ƙungiyarmu suka jera suna bugo mini a hankali. Na kama biyu na farko, don daga dama suka zo. Ta uku ban san an bugo ta ba sai da na ji ta cikin raga a bayana. Ta huɗu ta daki ƙarfen raga dab da kaina, ƙarar ta shige mini har haƙori. Lorne ne ya buga ta. Ya zo ya tsaya kusa da ni, dariyar nan tasa ta tafi.

"Orest, ko motsi ba ka yi ba."

"Na gani."

"Ba ka gani ba."

Alƙali ya busa usur. Aka jera a tsakiyar fili. Na hango Kinsella yana buga sandarsa a ƙanƙara, yana dubana, yana faɗa wa na kusa da shi wani abu. Na duƙa yadda aka koya mini. Na tuna jinin Emile da aka kankare ɗazu daga daidai inda nake tsaye. Na ce a raina, in ta zo, Allah ya sa a goshi ne, kada ta taɓa idon dama. Alƙali ya ɗaga hannu da ƙwallo.

Bai sake ta ba, don hayaniya ta tashi a bakin bencinmu. Emile ne a ƙofa, rabin fuskarsa cikin filasta, likita yana riƙe da rigarsa ta baya, Koci yana tare shi da hannu. Ya ture su ya shigo. Ya taho a hankali har gabana.

"Tashi mini daga raga," ya ce. Maganar ba ta fita sosai. "Ba ni sandata."

"Emile, kai ma ido ɗaya gare ka yanzu."

"Nawa kumburi ne, ina gani ta tsaga. Tafi ka riƙe tawul."

Jama'a suka miƙe suna masa tafi. Na koma benci. Tunda ba a saki ƙwallo ina raga ba, a takarda ban buga ba.

Na ɗauka in na zauna zan samu sauƙi, ashe tsoron da ya fi na farko ne ke jirana. Minti ashirin da ɗaya Emile ya tsaya a wurin saboda ni. Jini ya ɓullo ta cikin filastar, yana ɗiga a kan farar rigarsa. Sau ɗaya ƙwallo ta same shi a ƙashin wuya, ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba. Koci ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki in faɗa masa, sai Emile ya dafa ƙarfen raga ya miƙe. An ci mu huɗu da biyu.

Bayan wasa ban cire kaya ba na bi Koci ofishinsa, na gaya masa komai a tsaye.

"Ka san da ka mutu a can, ni ne na tura ka?"

"Na sani, Koci."

"Fita. Gobe da safe Stan zai sa ka a jirgin ƙasa zuwa Winnipeg."

A waje mahaifina yana jira kusa da motarsa. Olena ta riga ta faɗa masa, na gani a fuskarta. Na kira shi yadda muke kiran uba a gida, na ce, "Tato, ka yi haƙuri, ka yi tafiyar banza." Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen hasken rana, ya leƙa idon kamar yadda yake duba na saniya.

Likitan ido a Winnipeg ya ce fatar cikin idon ce ta ɓalle, da na zo tun Nuwamba da an manne ta. Duk da haka suka yi aikin. Kwana goma sha biyu na yi kwance a rigingine, idanu biyu a ɗaure, an tokare kaina da buhunan yashi don kada in motsa. A cikin duhun nan ban yarda da kowa ba cewa na daman lafiyarsa ƙalau. Kullum sai na tambayi nas, kullum sai ta ce mini haka ne.

A kwana na tara ƙungiya ta biyo ta Winnipeg za ta wasa kudu. Na ji an ja kujera, na ji warin taba da man zafi.

"Sun kawo wani daga Regina a madadinka," in ji Emile. "Ko buɗe ƙofa bai iya ba. Jiya ya matse wa Lorne yatsa."

Na ce, "Emile, ban san yadda zan..."

"An ce kada ka motsa kai. Baki ma a kai yake."

Ya ɓare lemo yana sa mini a baki ɓari-ɓari, yana ba ni labarin wasanni uku da suka buga, har direban motarsu ya fara danna oda a ƙasa.

Ranar da aka kwance mini ido, na dama ya ga Olena tsaye da rigar sanyina a hannu. Na hagu bai sake ganin komai ba. Muka koma gona a farkon Afrilu, ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa, mahaifina kuma yana neman wanda zai taya shi gyaran injin shuka kafin ƙasa ta bushe.